Kwalba ta Uku

Vandi ya yi ƙiba a ɗakin masu tarin fuka, ƙibar da ko lokacin angoncinsa bai yi ba. Wuya ya cika, kumatu sun fito, wandon da ya shigo da shi ɗaure da igiya yanzu da ƙyar yake hawa ƙugu. Sai dai a gidan nan ƙiba ba ta sallamar mutum, sai abin da kwalba ta ce.

Dogon ɗaki ne a gefen garin Mubi, an zagaye shi da waya. Wani likita ɗan Indiya ke gwada sabon magani a ciki, allura da safe, ƙwaya da yamma. Wanda ya yarda ya shiga gwajin ba ya fita sai kakinsa ya fito tas a madubin likita sau uku a jere, kowane wata kwalba ɗaya. In ta uku ta ɓaci, a koma farko. Wanda kuma aka kama da ha'inci, a kore shi, ba allura ba ƙwaya.

Vandi ya tsallake biyu. Saura ɗaya, ga damina ta kawo kai.

Shekarar ƙuri'a ce, gari ya ɗauka ana ta musun ko a bi Nijeriya ko a bi Kamaru, amma shi ko a jikinsa. Gonarsa ta ƙauyen Digil ce ta hana shi sukuni. Ta aro ce, kuma Jauro mai unguwar ya aiko masa a fili: gonar da ba a shuka ba bana, wani za a ba. Daga bakin waya yana hango hadari yana haɗuwa daidai kan Digil. Ya tsaya ya yi ta kallo, 'yan yatsu cikin waya.

Matarsa Roda ba ta iya zuwa ta shuka. Tun ranar da aka kwantar da shi ta tare a gindin tsamiyar da ke bayan waya, inda matan majinyata ke girki, da jaririnsu Tizhe a baya. Mace ce kamar icen kirya, bai taɓa ganin ta kwanta ciwo ba. Kullum da sassafe tana miƙo masa kunu ta ƙarƙashin waya, idanu jawur, tana gyaran murya tana zagin ɗanyen icen da ake sayar musu. Naman da ta samu shi take tura wa, ita ta ƙara ɗaure zani.

Abin da ya ƙara firgita shi maƙwabcin gadonsa ne, Bobboi, wani dattijon makiyayi daga Uba. Sau biyu Bobboi yana kaiwa kwalba ta uku, sau biyu ana mai da shi baya, har shanunsa suka watse a hannun dangi.

"Wannan na uku, shi ne mugu," in ji Bobboi da Hausarsa ta Fulani. "Kana ji lafiya, madubi ya ce ƙarya kake."

Tari ya daɗe da barin Vandi, amma ai Bobboi ma ba ya tari. Wa ya san abin da ke laɓe a ƙirjin mutum? Ƙwayar cuta guda ta isa ta cinye masa damina da gona.

Ranar kwalba, Malam Gabdo mai kula da ɗaki ya raba wa kowa tasa, aka watsu bayan ɗaki ana ta kakari kamar zakaru masu mura. Vandi ya zagaya ya karɓi kununsa tukuna. Da ya dawo ya miƙa kwalbar a rufe, har da 'yar wasa ya yi wa Malam Gabdo. A makon nan ya ci tuwo ya suɗe hannu, ya ce wa Roda ta nemo irin dawa ta ɗaure kaya.

Da sakamako ya fito, shi aka fara kira. Likita bai yi murmushi ba. Ya sa shi ya tuɓe riga, ya ɗora masa abin sauraron ƙirji gaba da baya, ya sake ɗorawa, ya girgiza kai. Ya yi magana mai tsawo, Malam Gabdo ya juya masa da Hausa.

"Ya ce bai gane ba. Ƙirjinka fes yake, da kunne ne kawai da yau ka tafi gida. Amma kwalbarka ta cika maƙil da cuta, ko ranar da ka zo ba ta kai haka ba. Ya ce mai irin wannan kaki, in ba a yi maza ba, ba zai ci sabuwar dawa ba. Kuma duk wanda ke kwana jikinsa yana cikin hatsari."

Gonar da Vandi ya kwana ya tashi da ita wata da watanni ta fice masa daga rai sarai.

"Kana da magana?" in ji Malam Gabdo.

Yana da ita. In ya faɗa, korarsa za a yi. In ya haɗiye, bai san yadda zai sake haɗa ido da kowa ba. Ya fito ba riga, ya nufi waya kamar wanda ake ja.

Roda na tsaye a gindin tsamiya, ta ɗaure kaya tsaf, ƙwaryar iri a ka, Tizhe na barci manne da bayanta.

"Baban Tizhe, mu tafi ne?" ta ce, tana dariya.

Ita ce mai lafiyar da ya miƙa wa kwalbar ta ƙarƙashin waya, ranar da ya zagaya karɓar kunu, ta tofa masa, har ya yi murna da kakin ya fito da kauri kamar na mai ciwo.