Yaron da Ya Iya Komai Sai Ɗaga Kai

Tunda ka ce an kawo maka yaro mai kunya wurin koyon kareti, har tausayinsa ya kama ka, zauna in ba ka misali kafin tausayin nan ya yi maka ɓarna.

An yi wani malamin kareti da ke horar da samari a farfajiyar wata makarantar firamare bayan la'asar. Mutumin kirki ne, na faɗa maka tun yanzu don kada ka zaci mugunta ce ta jawo abin da ya faru. Wata rana wani direban tanka ya kawo masa ɗansa, dogo siriri, bai daɗe da shiga sakandare ba. Direban ya ce shi ba gwanin faɗa yake nema ba, so yake yaron ya iya ɗaga kai cikin mutane, don ko a aji aka kira sunansa sai murya ta maƙale, amsar da ya sani sarai sai wani ya faɗa. Ranar farko aka jera yara sahu, kowa ya kai naushi ya haɗa da tsawar nan da 'yan kareti ke yi. Da aka zo kansa, abin da ya fito daga bakinsa ko kyanwa ba zai firgita ba. Yara suka fashe da dariya, shi kuwa ya tsaya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Abin ya taɓa malam har cikin rai. Daga ranar ya cire shi daga sahu, ya kai shi gindin wata darbejiya a gefe, ya ce shi da kansa zai riƙa karawa da shi har ya ƙware.

To, nan aka yi kuskuren. Yaron nan ɗan gidan tarbiyya ne, an raine shi a kan ba a haɗa ido da babba, balle a ɗaga masa hannu. Ga shi an tsayar da shi gaban sa'an mahaifinsa ana cewa ya kai naushi. Sai ya riƙa kaiwa yana kallon yatsun ƙafar malam, kafin hannu ya isa ƙirji ya janye abinsa. Malam yana gani, amma wane babba ne ladabi ba ya yi wa daɗi? Maimakon ya gyara, sai ya riƙa yabonsa gaban sauran, yana cewa su koyi biyayya a wurinsa. Kuma yaron ya iya, ba ƙarya. Ga tsayuwa, ga shuri mai tsabta, duk salon da aka nuna masa ya haddace. Damina ta wuce, rani ya wuce, ɗamararsa ta kareti ta sauya launi alamar ƙarin matsayi, amma bai taɓa karawa da sa'ansa ba. Bai taɓa shan naushi gaban abokai ya tashi ya kaɗe riga an wuce wurin ba. Da an bar shi cikin yaran nan, da tuni sun gaji da dariyar sun nemi wani abin yi.

Da gasar samari ta jiha ta zo, malam ya sa sunansa yana alfahari, uban ma ya ajiye mota ya zo kallo. Zauren wasa ya cika maƙil. Aka haɗa yaron da wani gajere wanda bai kama ƙafarsa a iyawa ba. Sai a lokacin malam ya gane abin da ya daɗe yana kallo, kan yaronsa a sunkuye yake. Ya matso bakin fili yana cewa, "Ɗaga kai, yarona. Dube shi cikin ido." Yaro ya ɗago da ƙyar, ya ga idanun zaure duka a kansa, ya mayar da kai ƙasa. Mai kallon ƙasa kuwa ba ya ganin hannu na zuwa. Naushi ya same shi, wani ya biyo baya, da ya kai nasa sai ya janye kamar yadda ya saba. Jama'a suka ɗauki ihu da dariya, mahaifinsa na zaune yana ji. Tun alƙalin wasa bai tsayar da su ba ya rusuna ya fice daga fili, kuma bai sake taka farfajiyar makarantar nan ba. Malam ya yi ta zarya gidansu. Kullum yaron zai fito ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce ya gode, shi dai ba zai iya ba.

Yanzu ya girma, yana ɗinki a ƙuryar shagon wani. In mai kaya ya zo, wani ke yi masa magana, shi yana can ciki yana taka keke. Malam ya tsufa, amma baƙin cikin nan bai sake shi ba. In aka yi zancen ɗalibansa yakan ce wanda ya fi kowa iyawa shi ne wanda ya karya da hannunsa, alhali yana ganin gata yake yi masa.

Saboda haka naka yaron ka bar shi a sahu. Haɗa shi da sa'ansa wanda ba zai ji nauyin kallonsa ba, ya sha dariya tun tana ta 'yan gida, ya yi 'yar tsawarsa yau, gobe ta ƙaru. Kada ka jira sai zaure ya cika sannan ka ce masa ya ɗaga kai. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.