Jar Motar Ranar Juma'a

Ƙarfe takwas saura kwata Wiebke na tsaye a bayan labule, tana kallon mijinta yana gangarawa kwanar gidan burodi. Jar motar tana can tana jira, kamar kowace Talata da Juma'a. Matar da ke ciki ta miƙa hannu ta buɗe masa ƙofa, ya zauna a gefenta, ta ja suka ɓace ta hanyar asibiti.

Sati na biyar ke nan. Mijin nata Hauke ya ce hutu ya ɗauka, shi da ya shekara talatin yana jan tankar madara daga gonaki zuwa garin Husum bai taɓa fashin kwana ɗaya ba. Mutumin da lasisinsa ya fi masa takardar aurensu daraja, shi ne ya jefa makullin motarsa a kan firij, mace na jan sa. In zai fita sai ya ce, "Bari in ɗan taka, in sha iska." Iskar da ake sha a cikin jar mota!

Tsufa ma ya fara gudunsa. Ya watsar da riguna masu maɓalli ya koma irin na samari da ake zurawa ta ka. Ya sayo takalmi marar igiya. Ya ajiye reza, wai gemu zai tara. Ga warin wiwi a kwat ɗinsa, ga ido jajir, ya share dankali da kifi ya nemi ƙari.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne barcin. Shekara guda Hauke yana juye-juye a gado, ta dafa masa kowane ganyen shayi da ke kanti, a banza. Yanzu yana kwanciya sai minshari. Shekara ashirin da shida tana fama da mutum, wata can ta zo ta kwantar masa da hankali a sati biyar. Wiebke ta tsani matar nan tun kafin ta san sunanta.

Wata Talata ta riga shi fita. Matar ta shiga sayen burodi, Wiebke ta leƙa motar ta taga. Madubi biyu ne jere a gilashin gaba, don ɗaya bai ishe ta kallon fuskarta ba. Ta rubuta lambar motar a tafin hannu ta koma gida.

Da yamma ta kai kuka wurin ƙawarta Gesa, wadda ta yi ritaya daga kantin magani.

"Ai yanzu likitoci ma suna rubuta wiwi," in ji Gesa. "Ƙila matar takardar likita gare ta."

"Takardar har da izinin yawo da mijin wata a ciki?"

Gesa ta yi dariya har da buga cinya. "Ke dai faɗi gaskiya. Kishi kumallon mata, in ya motsa sai an haras. Amma takarda tana kare mutum ne in lafiya lau yake tuƙi. In wani ya ce ya ga mota tana tangaɗi, suka tsayar suka tarar da jan ido ko hannu na rawa, karɓe lasisin suke yi, da takarda ko babu. Kafin ya dawo kuwa, ƙawata, an sha wuya."

Wiebke ta kurɓi kofinta. Mace marar lasisi ba ta ɗaukar mijin kowa a kwanar gidan burodi.

Ranar Juma'a Hauke ya tashi da wuri, ya daɗe a gaban madubi yana taje gemu. Ko burodinsa bai iya ci ba. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Yau in na dawo akwai maganar da zan gaya miki." Ta san irin maganar da namiji ke taje gemu kafin ya faɗa.

Ta bari jar motar ta yi minti sha biyar da tafiya, sannan ta kira 'yan sanda. Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ta ba su lamba, ta ba su launi, ta ce hanyar asibiti suke bi kullum. Ta ce da idonta ta ga motar tana cin layi, saura ƙiris ta kwashe wani mai keke, kuma duk unguwa an san mai tuƙin da shan wiwi. Sunanta ne kawai ta ƙi faɗa.

Ta ajiye waya ta ji sakayau. Har miyar da ya fi so ta ɗora, don mutumin da zai dawo a ƙasa yana buƙatar abu mai zafi.

Sha ɗaya da rabi aka buga ƙararrawa. Matar ce, ita kaɗai, makulli a hannunta, jar motar a bayanta. A kusa ba ta kai yadda Wiebke ta zata kyau ba, kuma idonta fari tas.

"Ke ce matar Hauke? Sunana Maren Feddersen. Ki ɗauko kwat ɗinki, yana ofishin 'yan sanda, sun ɗebi jininsa sun karɓe lasisinsa."

"Lasisinsa? Ai ke ce..."

"Ni malamar tuƙi ce, asibiti ke turo mini marasa lafiya. Ciwon karkarwa ne ya kama hannuwansa, likita ya ɗora shi a kan wiwi. Sati biyar muna atisaye a fili don a bar masa tankarsa, ya hana a gaya miki sai ya ci jarrabawa." Ta juya makullin a hannunta. "Yau ce jarrabawar, tun daga shataletale shi ne a sitiyari, kuma wallahi tuƙi yake kamar bai taɓa ciwo ba, sai ga wani marar imani ya buga waya."