Baƙin Mai a Fiffiken Hagu

Akwai wani a cikinku, ya san kansa, ba sai na kama suna ba, da idonsa ba ya iya ganin abin wani hannunsa ya ƙyale. Ba ɓarawo ba ne. Da ma ɓarawon ne da sauƙi, a kai shi gaban alƙali kowa ya huta. Shi mai gyara ne. Ba ka kira shi ba, bai tambaye ka ba, sai dai ka dawo ka tarar ya gama aika-aika, ya harɗe hannu yana jiran ka ce an gode. To, ya buɗe kunne, ga misalinsa.

Wani malamin jinya ne, auta a gidansu, Allah ya ɗora masa son haɗa ƙananan jiragen sama na roba, irin waɗanda ke zuwa gutsi-gutsi a kwali, a ɗauki kowane da matsefata, a liƙa da gam, a bi da burushi siriri kamar jelar ɓera. Ubansu tsohon makanikin jirgin sama ne, ƙuruciyarsa duk ta ƙare a ƙarƙashin wani jirgin kaya mai farfela biyu. Yanzu tsufa ya fara yi masa sata a ka: jikokinsa su gaishe shi, ya tambaye su 'ya'yan wane ne. Amma a taɓo zancen jirgin nan, sai tsoho ya gyara zama. Ya ce injin hagu ɗan banza ne, kullum sai ya tsiyayar da baƙin mai a fiffike, ya yi ya yi bai raba shi da halin ba. Ya ce dokin ƙofa ba fenti, takalman 'yan lodi sun cinye shi. Auta ya ji, ya riƙe, ya nemo irin jirgin a kwali. Abin da na waje bai sani ba, a wurin masu wannan aiki kyakkyawan fenti rabin tafiya ne, sauran rabin shi ne a saka wa jirgi tsufa. Tun damina har sanyi ya shigo Auta na sunkuye. Ya ja layin baƙin mai a bayan injin hagu, ya shafa kunkunniya inda hayaƙi ke fita, ya kankare dokin ƙofa da bakin allura, ya ɗiga tsatsa a kan ƙusoshin da ba su kai ƙwayar gero ba. Burinsa ɗaya ne tak: ranar Sallah ya ɗora shi a tafin uban, tsoho ya gane abinsa, ya dawo musu ko da na yini ɗaya ne.

Auta yana da wa, mai fentin mota, gwani na gasken-gaske, wanda in ya fesa wa akwala fenti sai ka duba fuskarka a jiki. Jajiberin Sallah ya biyo gidan Auta, mai gida na wurin aiki, ya ga jirgi a kan tebur, duƙun-duƙun. Ransa ya ɓaci. A ce ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, zai kai wa Baba wannan ƙazanta a gaban dangi, alhali akwai mai fenti a gidan? Ya naɗe jirgi ya yi gareji da shi, ya bar saƙo cewa kada a damu, yana wurinsa. Ya tsoma tsumma a tina, ruwan nan mai narkar da fenti, ya goge aikin wata da watanni kafin shayinsa ya huce. Tina ta taɓa gilashin wurin matuƙi, ya yi fari fat kamar idon da yana ta rufe. Bai damu ba, ya bi da farin fentin mota, ya ƙara mai sheƙi a kai.

Ranar Sallah, ana zaune a gaban tsoho, wan ya yaye ƙyalle yana murmushi. Auta ya duba. Abin da ke gabansa kamar sabulun wanka aka yi wa fukafukai. Wan ya dafa shi ya ce, "Auta, ka riƙa barin fenti ga masu fenti. Duk dauɗar nan na fitar maka da ita, ba sai ka gode ba."

Tsoho ya karɓa. Bai dubi sheƙin ba. Kai tsaye babban yatsansa ya tafi bayan injin hagu, ya shafa, ya sake shafawa, ya ɗaga yatsan ya duba. Fes. Ya miƙo musu abinsu ya ce, "Ku ba yara. Wannan ai bai taɓa tashi ba." Sannan ya dubi Auta da fara'ar da ake yi wa baƙo, ya tambaye shi daga wane gida yake.

Auta ya sayo wani kwalin, ya sake sunkuyawa. Amma tsufa ba ya jiran fenti ya bushe. Kafin ya kai ga fiffiken hagu, ko an ambaci jirgi tsoho ba ya ɗago kai. Wan kuwa har gobe cewa yake shi alheri ya yi niyya, kuma wallahi gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona rai ke nan. Tambaya ɗaya, "Auta, wannan baƙin na mene ne?", da ta wadatar. Hausawa suka ce garin neman gira aka rasa ido. Kai mai gyaran da na fara da kai, in ba ka taɓa goge wa wani baƙin mansa kana jiran godiya ba, tashi ka ƙaryata ni.