Ƙudajen Bayan Kwata

Kyari ya toshe hanci da hularsa. Tunda ya fara koyon farautar fatalwa wajen Baffa Bubayaro, kullum a bayan kwatar Potiskum suke yini, cikin jini da kashin tumbi. Ga rana, ga wari, ga kaset ɗin mahauta ya cika kunne.

Ya dubi tsohon. Ƙudaje sun rufe masa gemu har leɓe, ko korarsu ba ya yi.

"Haba Baffa! Wannan ƙazantar ce karatun? Ka ce matattu na shigowa cin kasuwar shanu, ni ban ga ko ɗaya ba."

"A nan ake gane su," in ji Bubayaro. "Ƙuda na bin mai rai komai tsaftarsa. Fatalwa ce kawai ba ya sauka a kanta."

Kyari ya yi tsaki, ya dubi farar rigarsa. Fes take. Ya juya hannuwansa. Babu ƙuda ko ɗaya.

Tsohon ya riƙe hannunsa a hankali.

"Ɗana, tun hatsarin da ka yi a hanyar Damaturu matarka Fanne take takaba. Taso in raka ka makwancinka."