Fukafukai a Ƙofar Gidan Baba Cindo

Naƙuda ta kama matata Asabe da hantsi, na ɗaura fukafukaina na tashi kiran ungozoma. Tun da aka hana motoci, da fukafukai kowa ke yawo. Daga zanen wani mutumin Italiya da ya mutu shekaru aru-aru aka ƙera su, wai kallon tsuntsaye ya yi ta yi har ya gano sirrin. Mu kuwa tun da muka cika sama, ko shirwa ba mu ƙara gani ba.

Ban yi nisa ba na hango Baba Cindo, mahaifin Asabe, zaune kan tabarma a ƙofar gidansa. Wane ɗan halak ne zai bi ta saman kan surukinsa? Dole na sauka, na cire takalmi, na durƙusa.

"Talle, an tashi lafiya? Ya mutanen gidan?"

"Lafiya lau, Baba."

To me zan ce? Da wane baki zan gaya masa 'yarsa na kan gwiwa?

"Madalla. Zauna, ga kunu nan tafe. Ku yaran yanzu kullum sauri, kamar sama za ta gudu."

Ina kurɓar kunu gumi na keto mini, sai ga ungozomar ta wuce ta saman kanmu fuu, ko sallama babu. Ashe maƙwabta sun riga ni kiranta.

Baba ya ja tsaki. "Dubi rashin tarbiyya."

Mai zanen nan ya yi ƙoƙari, ban hana shi ba. Amma ya manta tsuntsu ba shi da suruki.