Koriyar Rigar Mamduh

Karo na uku ke nan Mamduh yana cusa koriyar rigar nan cikin akwati, Afaf tana zaro ta tana ratayewa a bayan ƙofa.

Ita ta sayo masa rigar da hannunta saboda tafiyar. A wurin aikinsa ba a yarda da kore ba, don haka tun aurensu ba ta taɓa ganinsa cikinsa ba. Ta ce a cikin jirgi dai babu mai hana shi.

Jirgin irin na yawon shaƙatawa ne, mai hawa-hawa kamar otal, gobe da hantsi zai bar tashar Iskandariyya ya zaga tsibiran Girka. Shekara talatin Mamduh yana lallashin matar nan ta hau ruwa. Afaf 'yar masunci ce daga unguwar Anfushi. Tana ƙarama mahaifinta ya fita kamun kifi ana gobe guguwar Kasim, wadda ke buɗe hunturu, ko takalminsa ba a gani ba. Tun daga nan teku ta zame mata abin kallo daga baranda. Bana ta yarda, amma da sharaɗi: in aka yi hasashen hadari ba ta zuwa, kuma kada ya sake tayar mata da maganar har abada.

Jiya da yamma kuwa aka yi hasashen. Mai hasashen yanayi na talabijin ɗin garin ya tsaya gaban taswirarsa ya ce Kasim ta yi sammako bana, ruwa da iska suna tafe. Ko da Mamduh ya dawo gida, ya tarar an kwance kaya kaf.

Tun asuba yake banbami. Ya ce jirgi mai girman unguwa guda, ko shayi ba zai zube a cikinsa ba. Ya ce an ƙirƙiri laima ne don irin wannan rana. Da ya ga ko ɗago kai ba ta yi daga gugar shuɗin kwat ɗinsa ba, sai ya koma kan mai hasashen, ya wanke shi tas: tsohon banza, matsoraci, wanda in ya hango gajimare kamar tafin hannu sai ya rufe gari don kada a ce ya yi kuskure.

"Abu Basim, rage murya, maƙwabta na ji," in ji Afaf, da sunan da take kiran mijinta da shi. "Mutumin nan bai taɓa yi mini ƙarya ba. In ya ce a kwashe shanya, kwashewa nake. Yau da yamma in ya ce ta yi sauƙi, ni da kaina zan ɗaure akwatin."

Mamduh ya fizgi kwat ɗin ya fita, ƙofar ma sai da ta sha nata rabon.

A ƙasa, Am Shahata maigadi ya tare shi yana washe baki, wai ya share magudanar rufi ne ko ya bari? Mamduh ya tambaye shi ko shi aka ba ajiyar makullin sama. Tsohon ya bi shi da ido, ya je ya ɗauko tsintsiya.

Abin haushin, garin fes yake. Rana ta fito, teku ta kwanta luf, masu sayar da gasasshiyar masara suna ta ciniki a bakin hanya. Mamduh yana tafiya yana ƙwafa. Me zai ragu a jikin mutumin nan in ya ce "iska matsakaiciya"? Kalma biyu. Ba wanda zai kama shi da ita. Shekara talatin na roƙo za su tashi a banza saboda taurin kan mutum ɗaya.

Ƙafa ta kai shi mashigar masunta a Anfushi. Kwale-kwale jere a gaɓa, an ɗora raga, an cika mai, amma babu wanda ya kwance igiya. Rayyis Jabir, tsohon shugaban jirgin kamun kifi, yana zaune kan wani kifaffen akwatin katako, 'ya'yansa biyu suna toshe ɓula a gefen jirginsu da kwalta.

Ya miƙo wa Mamduh shayi, ya ce gidan ba ko sardin, yara sun gaji da zama. "Yamma muke jira, Ustaz. In an sassauta, da asuba muna cikin ruwa." Ya faɗa yana duban fuskar Mamduh, kamar a nan zai karanto amsar.

Mamduh bai sha shayin ba. Ya dubi jirgin, wanda bai fi tsawon falonsu ba. Ya dubi arewa maso yamma, inda wani siririn baƙin layi ya kwanta a ƙarshen ruwa, tsuntsayen teku kuma suna ta yowa cikin gari. Ya ja tsaki mai ƙarfi har samarin suka waiwayo. Bai yi wa kowa sallama ba, ya tare tasi.

Da yamma Afaf ta zauna gaban talabijin, koriyar rigar a cinyarta, akwatin a buɗe kusa da ƙafarta. Ita ma a ranta ta so tafiyar nan fiye da yadda ta nuna.

Mai hasashen ya fito fuska a murtuke, ko gaisuwar kirki bai yi ba. Ya ce iska za ta fi ta jiya da aka faɗa, igiyar ruwa za ta yi tsawon bene. Ya maimaita sau biyu, kamar mai faɗa da wani, cewa kada kwale-kwale ko ɗaya ya bar gaɓa.

Afaf ta tashi ta rataye rigar a bayan ƙofa. Ta dawo ta dubi mutumin da ke cikin talabijin sanye da shuɗin kwat ɗin da ta goge da safe, ta share ido da gefen mayafinta, ta ce, "Na san ba za ka iya ba, Abu Basim."