Ai Ba Cin Koka Ake Yi Ba

Kotun ɗaukaka ƙara ta jingine hukuncin ranar Talata a garin Potosi, shekara biyu bayan an hana likitan riƙe wuƙar tiyata. Matar da ta kai shi ƙara tun farko ce ta jawo aka jingine hukuncin.

Mijinta mahaƙin ma'adinai ne, zuciyarsa ta tsaya ana tsaka da yi masa aikin ƙaba. Kotun farko ta ce sakaci ne, tunda takardar asibiti ta nuna marigayin bai ci komai ba kafin aikin.

Lauyan likitan ya tambaye ta ko marigayin ya sa wani abu a baki ran nan.

"Ganyen kokarsa kawai, tun asuba yana kuncinsa."

"Me ya hana ki faɗa tuntuni?"

"Haba, ranka ya daɗe, wa ya tambaye ni? Kullum sai, ya ci abinci? Ai ba cin koka ake yi ba, tsotsa ake yi."

Lauyan ya ce ganyen nan, da mahaƙan garin ke tsotsa don kashe yunwa da gajiya, shi ne ya yi karo da allurar barci. Alƙalai suka ce a sake bincike.

Likitan ya cim mata a matakala tana gyara hularta.

"Mama, da kin yi shiru, da na ƙare. Na gode."

"Ba na ƙarya a kan mamaci, likita. Amma kai ɗan garin nan ne. Mahaƙi ya kwanta gabanka, ba ka leƙa kuncinsa ba?"

Ya sunkuyar da kai, ya sake gode mata.

A watan Yuli za a koma kotu.